Ranar da Mai Shelar Sabo Ya Koyi Raɗa

Duk wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan bayan samun mulkin kai ya san muryar Nata'ala, ko da bai san fuskarsa ba. Fuskar ma ba abin riƙewa ba ce. Ɗan siririn mutum ne, gajere, da gemu tsilli-tsilli. Amma in ya dafa kunne ya ce, "Jama'a a saurara," masu ɗaurin goro a can gangare sai sun dakata, har Yarabawan Mokola sukan leƙo ta taga su ce Gambari, wato Hausawa, sun fara.

Shi ne mai shelar unguwa. Suna, ɗaurin aure, ɓatan akuya, isowar shanu, rasuwa, duk daga bakinsa ake ji. Ya zo Ibadan yana saurayi, a ƙasa, bayan garken shanu daga Malumfashi. Wata rana wani bijimi ya ɓalle, ya ƙwala masa kira, Alhaji Maikuɗi, babban fatoma mai saukar da fataken goro, ya jiyo daga cikin zaurensa ya ce a nemo masa mai wannan maƙogwaro. Tun ranar bai sake bin shanu ba. Alhajin ne ya ba shi ɗaki, shi ne kuma ya aurar masa da Raliya, haifaffiyar Sabo, mai dama kunun gyaɗar da ake aikowa saye tun daga bakin tasha.

Shekara ashirin da shida suna tare. Raliya ba ta taɓa buƙatar agogo ba. In ta jiyo muryarsa wajen mahauta, sai ta ɗora ruwa. In ta jiyo ta a bakin masallaci, sai ta kwashe tuwo. Da ya yi sallama kuwa, kafin ma ta amsa, sai ta ce, "Rage murya, Malam, ba a kasuwa muke ba." Kullum ta faɗa, kullum ya ce to, amma hali zanen dutse. Shi a ganinsa a hankali yake magana.

A daminar shekarar 1967 hankalin Sabo ya tashi. Ana ta batun yaƙi, kowa da irin jita-jitar da ya ji a rediyo ko a bakin direbobi, kuma baƙo a garin wasu shi ya fi kowa saurin jin tsoro. Alhaji Maikuɗi ya ce motarsa ta goro za ta kwashi mata da tsofaffi zuwa Arewa. Nata'ala ne ya yi shelar. Da ya koma gida ya ce wa Raliya ta haɗa kaya, su tafi Zariya wurin 'yarsu Binta. Ta ce ita a nan aka binne cibiyarta, ba inda za ta. Ya ce cikin wasa, "To ki zauna. Ranar da mota ta tashi, na tafi na bar ki." Suka yi dariya. Wannan wasan daga baya ya so ya ci ranta.

A makon ne ta taka ƙusa a bayan ɗaki. Ta wanke, ta shafa man ja, ta ɗaure da tsumma, ta ci gaba da dakanta. Bayan kwana takwas ta tashi da wuya a sanƙare, ta kai ludayi baki, bakin ya ƙi buɗuwa. Kafin azahar haƙoranta sun sarƙe gam.

A babban asibiti suka faɗa hannun Sista Folake, Bayarabiya ce da ta girma a Jos, Hausa a bakinta kamar a can aka yanke mata cibi. Ita ta yi wa Nata'ala tafinta. Likita ya ce ciwon sarƙe-haƙora ne, ta wurin ƙusar ya shiga. Ya ce suna gwada wani sabon magani mai sassauta jijiya, suna rubuta duk lokacin da jikin maras lafiya ya sandare, don su gane ko ya fi wanda aka saba. Bai yi alkawarin komai ba. Ya ce in mijinta ya yarda, za a sa ta cikin waɗanda ake ba shi. Nata'ala ya dangwala yatsa. Sista ta ƙara da cewa maganin rabi ne, ɗaya rabin shiru ne da duhu, domin ƙara kaɗan, ko haske, ko taɓawa, suna iya tayar da ciwon.

Ya ce ya ji. Ya kuwa ji, amma bakin da ya shekara talatin yana shela ba ya jiran izini. Aka buɗe masa ƙofar ɗan ɗakin da aka kwantar da ita, ya hango ta a duhu, ƙyalle a kan idanunta, tausayi ya kama shi, sai ya ji bakinsa ya ce, "Sannu, Raliya, ya jiki?"

Abin da ya gani bai taɓa barin idonsa ba. Jikinta ya sandare, bayanta ya lanƙwashe ya bar katifa, ƙeya da dunduniya kaɗai ke taɓa gado. Numfashinta ya ɗauke, leɓɓanta suka yi baƙi. Sista ta ture shi waje, likita ya shigo da allura a guje. Nata'ala ya tsaya a baranda. Shi da ya yi shelar mutuwar mutum fiye da ɗari, ranar ya san cewa muryarsa za ta iya kashe mutum da kanta.

Da numfashin ya dawo, Sista ta fito. Ba ta yi masa faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce, "Baba, ka gani ko?" Ya gyaɗa kai. Daga ranar ya kulle bakinsa. Ya daina shela. Kullum da hantsi yana kan benci a ƙofar ɗakin, takalmi a hannu. Da la'asar a sa masa farar rigar asibiti da ƙyallen rufe baki, ya shiga ya tsaya daga nesa, ya kalli robar da aka zura mata ta hanci ana ɗura mata madara, ya kalli auduga a kunnuwanta, ya fita. A jikin ƙofa akwai takardar da ake jan layi duk lokacin da ta sandare. Bai iya boko ba, amma ya iya ganin layuka. Ranar farko sun cika takarda.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, sai ga mutanen Sabo. Ai ba a kwantar da matar mai shela a ce ba a je dubiya ba. Sun fi talatin, Alhaji Maikuɗi a gaba, da kwanonin abinci, da lemo, da kwalbar rubutu, ana ta gaisawa tun daga bakin ƙofa. Nata'ala ya ruga ya tare hanya, ya buɗe hannuwa, bai ce uffan ba. Haka ya kora su da hannu kamar mai kora kaji, har gindin wani mangwaro can nesa da ɗakin, sannan ya yi bayani.

Alhaji ya dube shi ya ce, "Nata'ala, ni za ka hana dubiya? Ni da na ɗaura auren?"

"Alhaji, ka yi mini rai," in ji shi. "Wallahi ko mahaifina ne ya dawo duniya, ba zai shiga ɗakin nan ba. Ku yi mata addu'a a masallaci, can ba a hana murya."

Alhaji ya juya babbar rigarsa ya tafi, jama'a suka bi shi. A Sabo aka yi ta maganganu. Wasu suka ce ya miƙa matarsa ga likitoci suna gwaji da ita. Wasu suka ce mutum ya yi jinya ba wanda ya ce masa sannu, ai ko bare ba a yi wa haka. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, don kaf Ibadan ba shi da kowa sai waɗannan mutanen. Ranar Laraba motar Arewa ta tashi. An bar masa wuri a kan huhun goro har aka gaji da jira.

Kwanaki suka tafi, layukan takarda suka dinga raguwa. Kwana goma sha shida, layi biyu kacal. Bakin Raliya ya buɗe har yatsa ɗaya na shiga. Aka cire robar hanci, aka cire audugar kunne, likita ya ce yanzu sai ta sha da bakinta, ta nan ƙarfi zai dawo. Sista ta kawo kunu a cokali. Raliya ta kau da kai. Washegari ma haka, da jibi. Hawaye kawai ke bin gefen fuskarta. Ciwon yana sakinta, ita kuma tana sakin kanta.

A rana ta uku Sista ta sunkuya ta ce mata a hankali, "Iya, me ya sa?"

Ta cikin haƙora Raliya ta ce, "Mota ta tashi?"

"Ta tashi. Amma mijinki yana nan a ƙofa, kullum yana nan."

"Kada ki lallashe ni, 'yar nan. Da yana garin nan da na ji shi."

Sista ta fita ta jawo shi da hannu, ta tsayar da shi kusa da gado, ta ɗage ƙyallen idon, ta sauke masa na baki. Raliya ta dube shi a cikin ɗan duhun, mutum a rame cikin farar riga, tsaye shiru. Ta daɗe tana kallo, sannan ta lumshe ido. Ta ce, "Inna ma takan zo ta tsaya nan. Ita ma ba ta magana." Innar tata ta shekara tara da rasuwa. Maganin yana sa mafarki ido biyu, kuma duk waɗanda take gani a cikinsa shiru suke.

An ce gani ya kori ji, amma ba ga matar da ta shekara ashirin da shida tana gane mijinta da kunne ba. Likita ya saurari Sista, ya duba takardarsa. Daga nan ya ce a bar shi ya yi magana, kalma kaɗan, da raɗa, shi kuma zai tsaya da allura a hannu. Ya ce akwai haɗari, amma yunwa ma haɗari ce, kuma ita tabbas ce.

Nata'ala ya ji kamar an ɗora masa dutse. In ya yi magana, yana iya kashe ta. In ya yi shiru, za ta tafi tana ganin ya gudu ya bar ta. Ya ce, "Sista, ni ban iya raɗa ba." Ba wasa yake ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma nan ba yadda za a yi. Ta kai shi ƙarshen baranda, ta tsaya taku uku daga gare shi, ta ce in ta ji abin da ya faɗa, ya faɗi. Gwajin farko, mai shara a can bakin famfo ya waiwayo ya amsa. Sista ta toshe baki don kada ta yi dariya. Ta ce, "Ejo, don Allah Baba, small small, a hankali. Bar maƙogwaro, iska kawai, kamar kana hura wa jariri kunu." Wuni guda dattijo mai furfura yana hura iska, gumi na zuba, yana jin kunyar kansa. Sai bayan la'asar ta matso taku biyu, ta ce ba ta ji ba.

Suka shiga. Likita na tsaye a kusurwa. Nata'ala ya durƙusa a bakin gado, ya kai bakinsa kusa da kunnenta ba tare da ya taɓa ta ba. Duk kalmomin da ya shirya suka gudu. Abin da ya saura a kansa shi ne abin da ya sani, sai ya dafa kunnensa kamar yadda ya saba, ya ce da iska zalla:

"Jama'a a saurara. Motar Arewa ta tashi tun ranar Laraba. Nata'ala bai shiga ba."

Yatsun ƙafarta suka motsa. Likita ya ɗaga allura. Kowa ya riƙe numfashi, ana jira bayan ya bar katifa. Bai bari ba. Ƙirjinta ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa. Ta buɗe ido, ta juyo da su a hankali har suka sauka a kansa.

"Rage murya, Malam," in ji ta ta cikin haƙora. "Akwai marasa lafiya."

Ya kifa fuskarsa a ƙarfen gado ya yi kuka, kuka mai yawa, ba ko ɗan sauti. Sista ta miƙo cokali. Raliya ta sha uku, ta yamutsa fuska ta ce wanda ya dama kunun nan bai san gyaɗa ba.

Ta yi wata guda kafin ta taka da sanda. Ranar da aka sallame ta, motar Alhaji Maikuɗi ce ta zo ɗaukarta, ko da yake Alhajin ya ce shi ba don Nata'ala ya aiko ba. Nata'ala ya koma shela, muryar tana nan yadda take. Amma daga shekarar, duk ɗan Sabo da aka kai wannan ɗaki mai duhu, shi ake samu a kan benci, takalmi a hannu, yana tare 'yan dubiya. Kuma kafin a rufe ƙofa a kan maras lafiya, sai ya roƙi Sista a bar wani nasa ya faɗa masa a kunne cewa ana nan a waje, ba wanda ya tafi.

Raliya ta yi shekara goma sha ɗaya bayan haka. Ranar da ta rasu, aka ce a nemo wani ya yi shela, ya ce a'a, aikinsa ne. Ya fita da asubar fari ya bi Sabo gida-gida, yana ƙwanƙwasa ƙofa, yana faɗa wa kowa a kunne.