Irin Geron Jatau

Jatau maƙwabcina ne a Damaga, gonarsa tana jikin tawa. Tun muna samari ban taɓa ganin ya sayi iri a kasuwa ba. Geron da ya gada wurin ubansa yake shukawa. Kowace kaka sai ya zaɓi zangarnu masu nauyi, ya ɗaure, ya rataye a ƙuryar rumbu. Duk tsananin yunwa ba a taɓa su.

Bazarar bara waccan wasu matasa sunka zo da mota, sunka ce bincike suke kan abin da ke hana manomi ci gaba, kuma akwai iri mai saurin nuna da za a raba kafin ruwa. Mai gari ya sauke su gidan Jatau. Rumbunsa kuwa ya ƙare, sai iri kaɗai.

Matarsa Marka ta ce, "Malam, me za mu ba su?"

"Sauko da damin nan ki daka."

"Irin namu fa?"

"Baƙi a zaurena su tashi da ruwa zalla? Ai iri sunka zo kawowa."

Sunka sha fura, sunka yaba, sunka tafi.

Abin da ba su faɗa mana ba, ƙuri'a za a jefa. A ba wasu ƙauyuka, a hana wasu, don a gwada a ga bambanci. Damaga ta faɗa cikin waɗanda anka hana. Ko aike babu wanda ya yi mana.

Ruwa ya sauka, Jatau na jiran mota. Da munka gane ba za ta zo ba, kowa ya riga ya binne irinsa. Geron kasuwar Maradun munka samo masa, ya shuka a makare. Kara ya tashi, ido babu.

Da kaka sai ga matasan nan sun dawo da ma'auni. Ɗayansu ya ce, "Baba, amfaninka ya ragu ƙwarai. Ina irinka na da?"

Jatau ya ce, "Kun sha shi, ɗana."

Yaron ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

Ni ba mai faɗa ba ne, amma ranar na tashi na bar wurin don kada bakina ya kuɓuce. An ce binciken ya nuna waɗanda anka ba iri sun fi waɗanda anka hana samu. Wannan har sai an zo da mota? Mutum ya karrama ku da gadon ubansa, ku auna asararsa ku kira ta sakamako!

Bana na ga Jatau a kasuwa, tsugune gaban mai hatsi, yana murza gero a tafin hannu, yana tambayar daga wace gona ya fito. Mai hatsin bai sani ba.