Cajarmu a Gidan Yaya

Shekarar da maigidana ya sauke farali, tare suka tafi da yayansa, ɗaki ɗaya suka zauna a Makka. A shekarun nan aikin Hajji cikin rani yake faɗowa, suka dawo tumatir na nuna a Kadawa, alkama ta fara fitar da kai. Tsaraba dai na samu irin ta kowa, dabino da zamzam da abaya, ban raina ba. Amma kwalin da ya fi kowanne girma, wanda ya hana yara ko shafawa, jirgin sama ne na wasa mai tashi da rimot, fari mai jan hanci. Mutum da furfura a gemu, 'ya'yansa har sun fara tasawa.

Na ce, "Alhaji, wannan na wane yaron ne?"

"Na korar tsuntsaye ne daga alkama," in ji shi, yana kauce wa idona. "Ai Yaya ma ya sayi nasa."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Tsuntsayen da gwangwani da tsakuwa suke kora tun zamanin kakanni, yau sai da jirgi.

Bai samu sukunin buɗe kwalin ba saboda 'yan sannu da zuwa, sai ga rigima. Gonarmu tana ƙasa da ta Yaya, ƙaramin kanal ɗaya ke shayar da su. Ranar da ruwa yake namu, masu yi wa Yaya aiki suka tare shi da buhunan ƙasa, tumatirinmu ya wuni da ƙishi. Aka haɗu a bakin kanal, kowa ya faɗi abin da bai kamata ba, mutanen da ko gajiyar jifan Shaiɗan ba su huce ba. Daga ranar gaisuwa ta yanke. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don su biyu kaɗai suka rage wa juna, kuma na taɓa ganin irin wannan gaba a danginmu, sai a makabarta aka yi nadama.

Cikin wannan fushin Alhaji ya buɗe jirginsa, wai ya rage zafi. Batirin kamar sandar sabulu yake, da waya biyu, ja da baƙa, sun ƙare a wani ɗan farin baki mai kusurwa huɗu. Ita kuwa cajar bakinta ja ne, da harsunan ƙarfe biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Ya juya ta nan, ya juya ta can, ya hura iska a ciki, ya danna har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya yi wa mai kantin Jidda Allah ya isa. Washegari ya tafi wurin mai cajin waya a Kura, wanda ke da janareta da cajoji rataye reras kamar kuɓewar da aka shanya. Suka gwada su kaf, ya dawo da batirinsa a aljihu.

Ni kuwa ban fasa zuwa wurin faccalata ba, matar Yaya, don mu ba mu yi faɗa da kowa ba. Muna gyaran zogale sai ta ce, "Ke, jirgin namu fa yana can kan sif kamar kaza mai kwanci. Wai cajar ta ƙi shiga."

Na ce ta ɗauko in gani. Batirinsu jan baki, cajarsu farin baki mai kusurwa huɗu. Muka kalli juna, muka zube a tabarma. Ashe wurin ɗaurin kaya sun tara ƙananan abubuwa a jaka ɗaya, da aka zo rabo kowa ya ɗauki ta ɗan'uwansa.

Da ta samu numfashi ta ce, "Bari in saka miki ita a kwano ki tafi da ita, ki aiko mini da tamu."

Na ce, "A'a. In muka musanya a ɓoye, kowa zai tashi jirginsa a gonarsa, su ci gaba da gabarsu. A bar su da abinsu."

Da na koma gida na gaya wa Alhaji ƙiri-ƙiri inda cajarsa take. Ya ce ko jirgin zai ruɓe ba zai taka ƙofar gidan ba. Ya ɗauko filaya zai yanke bakunan biyu ya haɗa wayoyin ya naɗe da roba, yadda suke yi wa tiyo idan ya ƙi shiga bakin injin ban ruwa. Da ƙyar na lallashe shi ya fara nuna wa mai gyaran rediyonmu, wani mutumin Filato da ya daɗe a garin. Shi ne ya ce masa, "Alhaji, baki zan iya canza maka yanzu, amma cikin ba ɗaya ba ne. Wannan cajar ta wani irin batir ce. Ka haɗa su, ko ya kumbura ko ya kama da wuta. In ka samu taka, a batirin mota ake jona ta, kuma kada ka bar wurin sai ta cika."

Mu babur gare mu. Mota a dangi guda ɗaya ce, akori-kurar Yaya. Da Alhaji ya maimaita mini wannan bayani, sai da na shige madafa na toshe baki da zani.

Ya daure iya daurewa. Kullum sai ya sauko da jirgin ya goge shi, ya juya farfelar da yatsa, ya mayar. Wata Juma'a bayan la'asar ya saka cajar a aljihu, ya saɓa jirgin, ya ce, "Zan je in mayar wa mutane kayansu." Yana fita na figi mayafi na bi ta lungu, na riga shi isa. Ni da faccalata muka kife turame biyu a jikin katanga, muka hau muna leƙe, mata da girmanmu.

Yaya yana zaune a benci a ƙofar gida. Alhaji ya miƙa masa cajar. Shi ma ya shiga ya fito da ɗayar da nasa jirgin, ya ɗaga murfin mota, suka maƙala kowace a batirin. Na ji ƙas, baki ya shiga baki. 'Yan fitilu biyu suka kama ja. Tun da an ce kada a bar wurin, dole suka zauna, wannan a ƙarshen benci, wancan a ɗaya ƙarshen, kowa ya zuba wa fitilarsa ido. Ƙafafuna suka yi tsami a kan turmi, faccalata na ta mintsinina. Can sai Yaya ya yi gyaran murya.

"Taka ta yi kore?"

"Da saura, Yaya."

Na ji wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa.

Da batiran suka cika suka nufi filin shanyar shinkafa da ke gaban gidan, rabin unguwa na biye da su. Babu wanda ya iya tuƙi a cikinsu. Na Yaya ya tashi, ya yi kewaye ɗaya a karkace, ya kife cikin tarin ƙaiƙayi. Na Alhaji kuwa ya miƙe sama yana kuka kamar zuma, ya nufi gonakin albasa. Maigidana ya bi shi da gudu, rimot a hannu, babbar riga na kaɗawa, idonsa a sama, yana dariya irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Bai ga inda filin ya ƙare ba, ya hantsila cikin kwamin albasa da aka cika da ruwa da safe, ya yi shiru bai motsa ba.

Dariyar mutane ta ɗauke. Yaya ya jefar da nasa rimot ɗin, ya faɗa cikin taɓon da shaddarsa ta Juma'a, ya ɗago shi. Yana shafa masa kai da ƙeya da kafaɗu kamar ɗan yaye.

"Ka ji ciwo? Autan Inna, yi mini magana, ina ne ke ciwo?"

Alhaji ya tofar da laka ya ce, "Yaya, ka ga yadda ya tashi?"

Yaya bai sake shi ba. Ni na sauko daga kan turmi na zauna a ƙasa, ina dariya ina kuka, faccalata na bubbuga mini baya.