Noela Ambrum da Kwalbar Tsohuwa

An haifi Noela Ambrum ranar 9 ga Mayu, 1931, a garin Wandoolba da ke arewacin Queensland. Mahaifinta, Silas, mai yankan rake ne kamar ubansa, wanda jirgin ruwan Turawa ya kwaso daga tsibiran teku don aikin rake. Mahaifiyarta, Ivy, wankau take yi wa matan Turawa.

Karatu da Aiki

A shekarar 1945 aka sallame ta daga makaranta tana ta ɗaya a lissafi, domin a zamanin ba a ga abin da 'yar tsibirai za ta yi da ƙarin ilimi ba. Ta kama aikin wanke kwalabe a masana'antar garin, inda ake zuba baƙin maɗin da ke saura bayan an fitar da sukari cikin tankuna, a sa masa ƙwayoyin bakteriya, su mayar da shi sinadarin butanol na haɗa fenti. Irin bakteriyar nan a ƙasar gonakin garin aka samo shi, babu kamarsa ko'ina, ma'aikata kuma suna kiransa Tsohuwa.

A 1952 masanin sinadarai na wurin, Mista Halloran, ya danƙa mata kula da Tsohuwa, ya kuma kafa mata ƙa'ida guda: duk bayan 'yan makonni a bar ta da yunwa, sannan a tsoma kwalbarta a tafasasshen ruwa, raunana su mutu, masu ƙarfi su tashi. "Kada ki ji tausayinta, Noela," in ji shi. "Ranar da kika shagwaɓa ta, ranar za ta manta sana'arta."

Aure da Rufe Masana'anta

Ta auri Cedric, direban jirgin ƙasan rake, a 1955, suka haifi 'ya'ya huɗu. A 1968 man fetur ya yi arha, aka koma yin butanol da shi, aka rufe masana'antar, aka ba da umarnin ƙone irin gaba ɗaya. Noela ta ƙone shi, amma ta fito da kaɗan a filas ɗin shayinta. Da Cedric ya buɗe, wari ya buge shi, ya ce, "Kai! Wasu na satar sukari, ke kin sato mana ruɓa? Allah Ya sa dai ba da cokalina za ki riƙa ba ta abinci ba."

Ta ajiye Tsohuwa a kwalba bayan buhun gwaza, tana sake mata maɗi duk mako. Sai dai tafasasshen ruwan nan ne ya gagare ta. Sau da yawa ta ɗora tukunya, ruwa ya tafasa, ta tuna kwalba ɗaya ce tak ta rage a duniya, ta sauke. Ta san ƙa'idar sarai, tsoro ne kawai.

Zuwan Masu Bincike

A 1980, da mai ya yi tsada, masu bincike biyu suka zo daga Brisbane suna cigiyar irin, da niyyar tayar da masana'antar. A lokacin samarin garin, har da ɗanta Lyle, zaman kashe wando suke yi. Noela ta ba baƙin shayi a baranda, kwalbar na taku biyar daga inda suke zaune, ta ce musu an ƙone komai. Ta gwammace haka da a ce 'yar Silas ɓarauniya ce, sunan da aka saba liƙa wa mutanenta ko ba su taɓa komai ba. Da suka tafi Cedric ya ce, "Haba Noela, wa zai ɗaure ki a kan ruwan wari?" A 1982 Lyle ya tafi haƙar kwal, ramin ya rufta da shi a 1986. Wannan ƙarya ita ce ta ci ta har ƙarshen ranta, kuma wallahi ba ta cancanci irin wannan hukunci ba.

Shekarun Ƙarshe

A 2003, bayan rasuwar Cedric, ta sa 'yarta Beryl ta kai ta jami'a, ta aza kwalbar a kan tebur, ta faɗi gaskiya. Ba wanda ya ambaci sata. Bayan wata biyu wata malamar jami'ar ta zo gida da sakamako.

"Anti, tana nan da rai, mun sha mamaki. Amma tsami kawai take yi, ta daina yin butanol. Da a ce shekaru ashirin baya ne, ƙila da an ceto ta."

Noela ta ce, "An faɗa mini tun ina yarinya. Ni na lalata ta da abinci."

Rasuwa

Ta rasu ranar 2 ga Agusta, 2009, tana da shekaru saba'in da takwas, aka binne ta a maƙabartar cocin Wandoolba, tsakanin Cedric da Lyle. Ta bar 'ya'ya uku: Beryl, Desmond da Coral, da jikoki goma sha ɗaya. Kwalbar tana kicin ɗin Beryl, wadda ta san ba ta da sauran amfani, amma duk Lahadi sai ta zuba mata maɗi.