Gida na Bakwai a Garin Aljanu

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Karatuna bai wuce ƙaramar lakwal ba, wato firamare, kuma ina tsoron in ɗora wa mamaciya maganar da ba ta faɗa ba. Amma na tsufa, in na yi shiru babu mai tambaya a bayana.

Ina goye Agadas ta watse, bayan faɗan da aka yi da sojan Nasara. Wasu an kashe su, wasu sun gudu kudu. Iyayena suna cikin waɗanda ba su dawo ba. Na tashi mu biyu ne a lungunmu, ni da kakata, sai kangaye. Ba ta taɓa yi mini zancen iyayena ba. Bayan magariba takan hura ɗan itace, ta jawo ni jikinta, ta yi mini tatsuniya guda ɗaya.

Wani madugu ne ya ɓace a hanyar garin Fashi, cikin hamada, rairayi ya haɗiye shi, ya faɗa garin aljanu. Dodo ya tare musu rijiya. Kafin madugu ya kai ga dodon sai ya bi ta gidaje bakwai, kuma Kaka gida ɗaya take shiga kowane dare. Akwai maƙerin da ke tsoron akuyarsa. Akwai badukuwar da ke waƙa in tana ɗinki, har ta ɗinke bakin jaka ba ta sani ba. Har launin ƙofa sai ta faɗa, da inda tulu yake.

Ni kuwa takobi nake jira.

“Kaka, ina dodon? A kai ga yaƙin mana!”

“Kai, maigida, gaggawa kamar raƙumi ya ji ƙamshin ruwa. Wanda bai san masu shan rijiya ba, ina ruwansa da dodon da ya tare ta?”

Dare na bakwai ta fara a hankali: “A gidan ƙarshe akwai wani mutum da matarsa, da ɗan jariri...” Sai na buga ƙafa na ce na gaji da gidaje. Ta tura itacen cikin wutar. Ta ce, “To.” Kafin itacen ya cinye madugu ya sare dodo. Na yi barci da murna. Ba ta sake yin tatsuniyar ba, ni ma ban nema ba, tunda na ga ƙarshenta. Da sanyin shekarar ta rasu.

Sai da na yi furfura, a Damagaram, na haɗu da wata tsohuwa ’yar unguwarmu. Muna hira ta yi dariya ta ce, “Allah ya jiƙan maƙerin nan mai tsoron akuyarsa.” Maƙerin tatsuniyar Kaka ke nan. Na lissafa mata gidaje shida, ta ba ni sunan kowa. Lungunmu ne Kaka take zagayawa da ni, ƙofa ƙofa. Na bakwai shi ne kangon da take kau da kai in mun wuce. Tsohuwar ta ce an kai ta aure kafin a tare a gidan, ba ta san iyayena ba.

Dodon nan har yau ina iya faɗin yadda aka sare shi. Ubana kuwa ban san ko dogo ne ba.

Ina roƙon duk wanda kakanninsa suka zauna lungun maƙerin nan a Agadas, ya taimaka ya sanar da ni. Ko kaɗan ne: me uwata take yi in tana aiki, wane launi ne ƙofarsu.