Sunan da Na Kasa Kira a Layin Awo

Ranar da har gobe ban manta da ita ba a aikin nan, wata Alhamis ce cikin damina, shekara biyu kafin in ajiye aiki. Tunda kun ce in ba ku labari, ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Ga waɗanda ba su same ni ba, shekara ashirin da shida na yi a ƙaramin asibitinmu na ƙasar Kiyawa. A takarda lebura ne ni, amma na naɗa kaina Babban Jami'in Ƙofa, ba kuma wanda ya ja da ni. Karatuna aji huɗu ne, shi ma na huɗun ban tsaya an raba sakamako ba. Aikina in jera katunan awon ciki, in tsaya a baranda in kira mata ɗaya bayan ɗaya. Ran Litinin in hau babur in je Dutse in ɗauko akwatin sanyi na allurai. Wadda ta daina zuwa kuma, shugabarmu Sista Hajiya Binta ta rubuta sunanta, ni in bi ta har gida. Wannan shi muke kira bibiya.

A waccan shekarar tarin shiƙa ya ɓulla a ƙauyukanmu. Allurar da muka saba yi wa masu ciki ita ce ta sarƙewar haƙora, amma sai aka kawo mana wata 'yar kaɗan wadda ta haɗa har da tarin shiƙa. Sista ta tara mu ta yi bayani. Jariri ba a fara masa tasa allurar sai ya kai mako shida. Kafin nan abin da zai kare shi sai wanda ya samu daga jikin uwarsa, shi ya sa ake yi mata a wata na bakwai zuwa na takwas, don ya isa gare shi kafin haihuwa. Aka sa wa allurar ranar Talata.

Ni kuwa na ɗauki zancen da zafi. Babu majalisar da ban yi wa wa'azi ba, har masu shayi suka sa mini suna Dakta Ilu.

To, ni jinin Fulani ne. Shanun sun ƙare tun zamanin kakana, kunyar ce kawai aka bar mana gado. 'Yata ta fari, shekararta goma sha tara a lokacin, ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Tana aure a wani ƙauye hanyar Buji, ga ta da cikin fari, katinta kuma a asibitinmu yake. Ashe da dabara take zuwa awo ran Litinin, lokacin ina Dutse, don kada ta zauna a layin da ubanta ke kira. Da cikin ya shiga wata bakwai aka kawo ta gidana goyon ciki, kamar yadda aka saba. Talata uku suka wuce ba ta zo ba.

Sista ta miƙo mini takardar bibiya. Suna na huɗu nata ne.

Ku ji abin da Babban Jami'in Ƙofa ya yi. Na hau babur na tafi har ƙauyen mijin, na yi sallama, na tambaya ko mai wannan kati tana nan. Surukarta ta dube ni ta ce, "Malam Ilu, lafiya? Ba kai aka kai wa ita ba?" Na ce ni aiki ya kawo ni, ba zumunci ba. Na dawo na rubuta da hannuna: ba a same ta ba.

Na gwada ta wajen mai ɗakina. Na ce, "Ki gaya wa baƙuwarki ana nemanta a asibiti."

Ta ce, "Wace baƙuwa? Ni ban ga kowa ba." Ita kunyarta ta ninka tawa. Goggon da ta riƙe yarinyar, wadda da ita ce za ta shiga tsakani, ta riga mu gidan gaskiya. Sai muka yi shiru mu uku a gida ɗaya, kowa ya san zancen, babu mai faɗa.

Ran Alhamis ɗin nan da hantsi, wata mata daga ruga ta shigo da jariri a zani, ko arba'in ba ta yi ba. Kwanansa ashirin da wani abu. Ba irin tarin manyan yara yake yi ba mai ƙara. Zai yi tari, ya yi tari, sai ya ɗauke, leɓensa ya yi baƙi, kowa ya tsaya yana jiran numfashin ya dawo. Sista ta yi abin da za ta iya, ta rubuta takardar tura su babban asibiti a Dutse, ta ce in raka su a keke napep. Ni na zauna kusa da uwar. Ba mu kai shiga gari ba ya ɗauke, bai dawo ba. Uwar ba ta yi kuka ba. Ta gyara masa hula, ta ce da direba, "Juya da mu."

Da na koma, Sista na zaune da takardar bibiya a gabanta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba Ilu, wannan ta huɗun da ka ce ba a same ta ba."

"Haka ne, ranki ya daɗe."

"Shekaranjiya na wuce ta ƙofar gidanka, na hango ta tana shanya. Ko idona ne?"



Ta ce, "Na lissafa makonninta. Talata mai zuwa in ta wuce, ba ni da tabbacin allurar za ta isa ga abin da ke cikinta. Zan iya zuwa da kaina, amma in ta ga ni ce, za ta ce to, ta ƙi zuwa, don kai ne a ƙofa. Kai take jira."

Bayan la'asar na koma gida ban cire rigar aiki ba, don in na cire ta na san ba zan iya ba. Mai ɗakina na tankaɗe a tsakar gida. Na tsaya a ƙofar ɗakin da yarinyar take, na ɗaga takardar bibiya mai ɗauke da sunanta da na mijinta, kamar ina baranda. Sau biyu na buɗe baki babu abin da ya fito. Na uku na ce, "Saudatu Haruna."

Rariyar ta tsaya a hannun uwarta. Can daga cikin ɗaki aka ce, "Na'am, Baba."

"Ran Talata, ƙarfe takwas. Ki zo da katinki."

"To, Baba."

Ta zo, ta ja mayafi har hanci, ta zauna a ƙarshen benci. Na kira ta a layinta kamar kowa. Matan suka yi ta ƙunshe dariya, wata tsohuwa ta ce, "Yau Dakta Ilu ya zama ɗan boko." Na ce a yi shiru, ana aikin gwamnati. Bayan mako biyar ta haifi namiji, ga shi nan yanzu yana cinye mini goro.

Ban ce ku zubar da kunya ba, ni ma ban zubar ba. Tun daga waccan Talatar ban sake kiran ta da sunan nan ba. Amma ku da kuke da takardu, in kuka ga mace ta daina zuwa, kada ku yi saurin rubuta mata jahilci ko taurin kai. Ku bincika wa ke tsaye a ƙofar. Wani lokaci mu ne, da rigar aikinmu.