Ɗinyar Kakata da Itacen Hukuma

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan magana. Sau uku ina sayen littafin rubutu saboda ita, sau uku jikokina suna cinye shi da aikin makaranta ban sa masa ko layi ɗaya ba. Abin da ke tsayar da ni shi ne karatuna bai wuce firamare ba, maganar kuma ta itatuwa ce, akwai waɗanda suka yi mata karatu mai zurfi. Ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba, wani ya karanta ya ɗauka. To yanzu idona ya fara rauni. In ban rubuta bana ba, baɗi sai dai in faɗa wani ya rubuta, shi kuwa zai gyara mini magana. Saboda haka zan faɗi abin da na gani. Inda ban tabbata ba, zan ce ban tabbata ba.

A Balan aka haife ni, cikin ƙasar Gaya. 'Yan shekaru bayan samun mulkin kai aka ɗauke ni aiki a wurin renon itatuwa na ofishin daji. Abin da muka fi reno shi ne darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro. A lokacin baƙuwa ce a ƙauyukanmu. Iyayenmu ba su tashi sun gan ta ba, an dai ce daga wata ƙasa mai nisa aka kawo irinta. Muna shuka ta a fangali kusa da rijiya, in damina ta kama mu kai dashe bakin hanya, da kasuwa, da makaranta, da ƙofar gidan dagaci.

Da yake ni ne mai karatu cikin leburori, ni aka ba takardar gargaɗi. Duk inda muka yi dashe sai a tara mutane in karanta musu: wannan itacen hukuma ne, wanda ya sare shi, ko ya tuge shi, ko ya bar dabbarsa ta ɓata shi, za a kai shi gaban alƙali. Na karanta ta a Gaya, na karanta a Gafasa, na karanta a Ajingi ranar kasuwa, na karanta a garinmu gaban kawunnaina. Ina karantawa da ƙarfi, in maimaita, don kada wani ya faɗa laifi ya ce bai ji ba, hakkinsa ya hau kaina. Mutane suka ji sosai. Har sunan darbejiya suka ajiye, suka koma cewa itacen hukuma.

Dashen abokan aikina wani ya kama wani ya mutu, ba su damu ba. Nawa kuwa ban iya barinsa. Ina kewaye kowanne da ƙaya, in koma bayan kwana biyu in duba ƙayar, da rani in ɗauki garwa in ba su ruwa ko ba a sa ni ba. Jerin da na dasa a hanyar shiga Balan ko ɗaya bai mutu ba. Maigidanmu na ofis ya yabe ni a gaban jama'a. Ban ji daɗin yabon ba, don ina ganin ɗaya daga cikinsu ya ɗan karkace.

Kakata, mahaifiyar babana, tana da ɗinya a gangaren kwari, a gefen gonar babana. Gonar tasa ce, itacen nata ne, ta gaje shi daga mahaifinta, haka ake yi a wurinmu kuma ba wanda ke rikicewa. Mutum biyu ba sa haɗa hannu su zagaye gindinta. In 'ya'yan suka nuna suka yi baƙi, Kaka takan tsince su ta jiƙa, ta tace, ta wuni tana dafawa har ya zama maɗi. Sabon ganyen, wato ɗinkin, ta yi kwaɗonsa. Akwai amyar wani maƙwabci a reshenta, yana kawo mata rabonta na zuma. A ƙarƙashinta tafasa da yaɗiya ke fitowa, da 'yan ƙananan ɗinyoyi waɗanda awaki ke cinye yawancinsu. Duk garin an san maɗin Kaka. Shi take aikawa gidan suna da gidan biki, da shi ake tuna cewa tana nan.

Bayan dashena ya girma ya fara 'ya'ya, wata damina Kaka ta aiko a kira ni. Na same ta a gindin ɗinya da 'yar fartanyarta. Ƙasan ya cika da tsirrai masu ganye kamar haƙoran zarto, tsawonsu bai kai tafin hannu ba.

Ta ce, "Angon nawa, zo ka ga 'ya'yanka. Wa ya kawo mini su?"

Na tsuguna na duba. Darbejiya ce. Ƙwallayenta na nan barbaje cikin kashin jemage. Jemagu ke cin 'ya'yan a bakin hanya, su zo su rataya a ɗinya, su zubar da ƙwallon. Na yi mata wannan bayani.

Ta ce, "To na ji, jemage ma ya samu aikin gwamnati. Zan nome su, na ce bari in gaya maka tukuna, kada ka kai amaryarka gaban alƙali."

Da a ce na ce ta nome, da kafin azahar an gama. Amma takardar tana aljihuna, na kuma san ta da ka. Takardar cewa ta yi wanda ya tuge. Ba ta ce wanda ya tuge babba ko ƙarami ba, ba ta ce na dashe ko na jemage ba. Uwarsu ta hukuma ce, ni na dasa ta. Ɗan akuya kuwa na mai akuya ne ko a gidan wa aka haife shi. Na ce, "Kaka, ki dakata in tambayo ofis."

Ta ce, "A gonar ɗana, ƙarƙashin itacen ubana?"

Na ce, "Kwana biyu ne kawai."

Na sami maigidanmu na ce, "Ranka ya daɗe, darbejiyar da ta fito da kanta, ta hukuma ce ko ta mai gona?" Ya karɓi takardar ya karanta gaba, ya juya baya inda babu rubutu, ya duba nan ma. Ya ce tambaya ce mai kyau, in rubuto ta a aika sama. Na rubuta sau biyu, don na farkon na yi kuskure a gaisuwa. Aka aika.

Labari ya bazu cewa ɗan gidan da ke karanta takarda ya hana kakarsa ma taɓa tsirran. Saboda haka duk mai kanya, ko tsamiya, ko ɗorawa da ya ga irin tsirran a gindin itacensa, sai ya kewaye su da noma ya bar su. Wasu har daga Gafasa suka riƙa aiko tambaya ko amsa ta zo. Ina cewa ba ta zo ba, wanda gaskiya ne.

Damina ta wuce, rani ya wuce. Awaki suna sunsunar tsirran su wuce, saboda ɗaci. Damina ta biyu suka kai ƙugu. Ta uku suka fi ni tsawo, sabbi kuma suna fitowa a tsakaninsu. Tafasa da yaɗiya suka daina fitowa a wurin, ƙananan ɗinyoyi ma ban ƙara ganin ko ɗaya ba. Ƙasan ya zama busasshen ganye kawai. Kaka takan ratsa cikinsu a sunkuye tana tsintar ɗinya, rassa suna cire mata ɗankwali. Duk sanda ta gan ni sai ta ce, "Mai takarda, ofis ya farka?" In ce ina nan ina bibiya. Ina bibiya kuwa. Duk watan duniya sai na tuna wa maigida, har ya fara shiga ɗaki in ya hango ni.

Wajen lokacin da aka mayar da tuƙin mota hannun dama aka canza mana maigida. Sabon saurayi ne. Ran da ya fara zama na kai masa tambayar. Bai ko karɓi takardar ba.

Ya ce, "Wadda ta fito da kanta? Ai ciyawa ce. Wa ya hana ku cirewa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne."

Ya dube ni, ya ce to in je in cire. Na ce yanzu wasu sun kai kaurin cinya, ko suna nan a matsayin ciyawa? Ya ce in fita.

Na ɗauki gatari na tafi, babana da ƙannena suka taya ni. Kwana biyu muka yi muna sara. Kaka ta zauna a kan tabarma tana nuna mana da sanda. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mijin da ya yi shekara biyar yana neman izinin noma ba. Aka yi dariya, na ɗauka an gama. Kafin wata biyu kowane kututture ya tofo, inda muka sare ɗaya huɗu ko biyar suka fito. Muka haƙa mu cire saiwa, muka tarar ta saƙe da saiwar ɗinya, ba a sarar wannan ba a raunata waccan ba. Muka mayar da ƙasa.

Sai shekarun fari suka zo. Wanda ya gan su ba ya bukatar in ba shi labari. Rijiyar kwari ta ƙafe, gero ya bushe a tsaye. Ɗinya ta fara mutuwa daga sama. Shekarar farko 'ya'yanta ba su cika ƙwarya ba, ƙudan zuma suka bar amya. Shekara ta biyu ba ta yi ɗinkin ba, ɓawonta ya fara sulluɓewa. Darbejiyar da ke kewaye da ita kuwa kore shar, kamar ba a garin take ba.

Dole in faɗi alherinta, don kada in zalunci itace. A farin nan inuwarta mutane suka sha a kasuwa. Ganyenta ake sawa a rumbu saboda ƙwari, ana dafa shi wa mai zazzaɓi, ana asuwaki da ita, ana rufin ɗaki da sandunanta gara ba ta cika ci ba. Yau in ka tsaya a hanyar Ajingi ka duba, ita ce yawancin koren da za ka gani. Sai dai ba a maɗi da ita. Kuma da yawa cikin wuraren da ka ga curin darbejiya a tsakiyar gona, in ka shiga za ka sami tsohon kututturen kanya ko na ɗorawa a tsakiya.

Da ɗinya ta gama bushewa, Kaka ta kira masassaƙi ba ta gaya mini ba. Na ji ne daga baya, na fara tunanin ko busasshen itace ma yana bukatar izini. Masassaƙin ya fitar mata da kujeru biyu 'yan tsugune. Tukunyar maɗi ta ba wata jikarta ta riƙa jiƙa wanki. Daga nan in ana biki sai ta je hannu sake, daga baya ta rage zuwa.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Na ce, "Kaka, na zo ki yafe mini maganar ɗinya."

Ta ce, "Wa ya kashe ta? In fari ne, ba ruwanka, me zan yafe? Je ka nemi lada a wani wurin."

Na ce, "In kuma darbejiya ce ta shanye mata ruwa fa?"

Ta ce, "To wanne ne?"

Na ce ban sani ba.

Ta gyara zama a kan kujerar, ta ce, "Ka dakata in tambayo ofis."

Matan gidan suka yi ta dariya har da tafa hannu. Ni ma na yi 'yar kaɗan. Na san wasan kaka da jika ne, kowa ya ce mini haka, babana ma ya ce in daina damun tsohuwa. Na yi niyyar in sake komawa in an kwana biyu, ta rasu kafin kaka ta shigo. Allah ya jiƙanta. Ban ji kalmar daga bakinta ba.

Na tambayi malamai, suka ce tunda ba da gangan na yi ba, in yi mata addu'a in bar zancen. Ina yi mata. Amma tambayarta tana nan, kuma tambaya ce mai amsa. Ni ɗinya ɗaya na sani da kyau, ɗaya kuwa ba ta isa a yanke hukunci ba.

Saboda haka ina roƙon masu karatu, musamman dattawan Gaya da Ajingi da kewaye. Wanda gidansu ke da ɗinya a kwari a shekarun farin nan, ya aiko mini ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu: shin akwai darbejiya a gindinta ko babu, ta rayu ko ta mutu, in ta mutu a shekarar fari ta farko ne ko ta biyu. Wanda ya gani da idonsa nake so, ba wanda aka ba labari ba. Kada kuma kowa ya sassauta amsa don ya kwantar mini da hankali, zan gane.