Darbejiya a Gonar Aro

Har gobe ba zan manta da ranar da muka yi gayyar dashe a wani ƙauye arewa da Minjibir ba, a shekarun farin nan da gero ke bushewa tun bai fitar da kai ba. Lokacin ina ƙaramin malamin daji, fitowata daga makaranta ke nan, ga kaki ga babur, ina ji da kaina sosai.

Tsarin aikin shi ne mutanen gari su kafa kwamiti a ƙarƙashin dagaci, ofishinmu ya ba da dashen darbejiya, a jera shi a iyakokin gonaki ta ɓangaren da iska ke kwaso rairayi. Kowane manomi shi zai dasa nasa, shi zai kula da shi. Ogana ya ja mini kunne: "Kada layin nan ya yanke ko'ina. Giɓi ɗaya ya ishi iska."

Kowa ya karɓi dashensa, ban da Malam Sale, wani dattijo mai iyali da yawa wanda gonarsa ke tsakiyar layin. Ya ja ni gefe.

"Malam, ka yi mini rai, ka tsallake ni."

"Saboda me?"

"Gonar aro ce, ta Alhaji Garba. Mai aro ba ya dasa itace."

A wurarenmu da gonaki suka yi kaɗan, mai aro yana shuka abin da zai girbe a shekara ne kawai. Itace kuwa daɗewa yake yi, wata rana 'ya'yan wanda ya dasa za su nuna shi a gaban alƙali su ce gonar ubansu ce. Ni tashin birni ne, ban san haka ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya. Na ɗauka lalaci ne. Na ɗaga murya a gaban dagaci na ce in bai dasa ba zan sa a cire sunansa daga rabon hatsin agaji. Wallahi ba ni da wannan ikon, barazana ce kurum. Dagaci ya sunkuyar da kai. Malam Sale ya ɗauki fartanya, ya yi bisimilla, ya dasa a gaban jama'a.

Da Alhaji Garba ya dawo daga fatauci, bai yi faɗa ba. Aike ya yi wa Malam Sale cewa in ya kwashe amfanin bana, ya bar gonar. Na hau babur na sami Alhaji a zaurensa.

"Alhaji, ni na tilasta shi."

"Na sani, ɗana. Ba na zargin Sale. Amma ni da shi duk mutuwa za mu yi, itacen ya rage. Ran da 'ya'yanmu suka tsaya gaban alƙali, ina za a same ka?"

Na ce zan rubuta takarda in sa hannu. Ya ce gara za ta cinye. Na ce to a tuge dashen. Ya ce ai gari duka sun riga sun gani.

Na kai wa ogana maganar. Ya tambaye ni, "Layin ya yanke?" Na ce a'a. Ya ce, "To, mu namu ya yi kyau."

Kaka ta zo, abin da Malam Sale ya samu bai cika kwata na rumbu ba. Ya zaga neman wani aron, kowa ya ba shi haƙuri. Ƙarshe ya sayar da jakinsa, ya kwashi iyalinsa suka nufi kudu. Kafin tafiyar ya zo har ofis yi mini sallama, abin da ya fi zagi zafi a wurina. "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Malam," iyakar abin da ya ce ke nan. Ban sake jin labarinsa ba.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa: kafin ku miƙa wa manomi dashe, ku tambayi wa ke da gonar, wa ke noma ta. In talaka ya ce ba zai iya ba, ku zauna ku ji dalili, don ya fi ku sanin abin da zai biyo baya. Bishiyoyin sun kama, har ofis ya ba ni takardar yabo a kan layin. Tana ƙasan akwati, ban taɓa iya nuna wa 'ya'yana ita ba.